Direban Ƙwai

Litinin, 5 ga Mayu

Sun rufe kamfanin. Da safe muka tarar da kwaɗo a get da wata takarda a manne. Maigadi ma a waje muka same shi, da butarsa a hannu, bai san komai ba. Mu direbobi talatin da wani abu muka yi cirko-cirko, kowa yana kallon ɗan'uwansa. Ta ramin get na hango motata, lamba goma sha huɗu, a inda na ajiye ta ranar Juma'a. Ko gilashin ban ɗaga sosai ba.

Shekara ashirin da biyu ina jan tirela. Abin da ya rage a hannuna, don suna cikin jakar tafiyata: ƙarfen da nake bugun taya da shi, da wannan littafin da nake rubuta nisan hanya da man da aka sha. Saura shafuka da yawa. Bari in cika su da wani abin.

Laraba, 7 ga Mayu

Ban san inda ake ajiye cokali a gidana ba.

Alhamis, 15 ga Mayu

Zaman gida ya fi tuƙin kwana biyu gajiyarwa. In na zauna a falo na tare hanya, in na koma tsakar gida na zauna a wurin shanya. Auta, 'yata ta ƙarshe, duk sanda ta dawo daga makaranta sai ta durƙusa ta ce, “Baba, sannu da zuwa.” Alhali ko ƙofar gida ban leƙa ba. Bakinta ne ya saba. Ni kuma abin yana sukata.

Jakata tana nan bayan ƙofa a shirye. Maman yara ta ce in ɗauke ta tana hana ta shara. Na ce a bar min abata, za a iya kira kowane lokaci. Ta share gefenta ta wuce.

Talata, 20 ga Mayu

Mun haɗu da sauran direbobi wajen mai shayin bakin garejin kamfani, kamar masu zaman makoki. Mai Hon ya koma tasi, wai fasinja na farko da ya ɗauka ya ce masa ya cika tafiyar hawainiya. Tsoho ya samu gadi a wani shagon taya. Dogo, abokin tafiyata tun muna da gashi a ka, ya rantse shi ba zai taɓa sitiyarin da bai kai faranti girma ba, ko da yunwa za ta kashe shi. Na ce nima haka. Da ƙarfi ma na faɗa.

Ana cewa motocin gwanjonsu za a yi.

Litinin, 26 ga Mayu

Na ci maganata. Ƙanin Maman yara ya samo min aiki a wani gidan gona na kaji, nan bayan gari. Raba ƙwai a shaguna da 'yar ƙaramar mota, ana tashi kafin la'asar. Hajiya mai gonar ta dube ni sama da ƙasa ta ce gwajin wata ɗaya za ta yi min, don ta ji direbobin manyan motoci ba su san abu mai fashewa ba. Ni da na sha ɗauko gilashin tagogi daga tashar jirgin ruwa ko tsagewa babu. Na haɗiye.

Kafin in tashi na zaro ƙarfena na zagaya ina bugun tayoyin ɗaya bayan ɗaya, ina sauraron ƙararsu kamar yadda na saba. Huɗu ne kacal, kafin in fara na gama. Matan da ke jera ƙwai suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Yanzu sunana Baba Mai Ƙarfe.

Maman yara ce kaɗai ta ji daɗi. Ta ce ko ba komai za ta riƙa sanin yawan abincin da za ta dafa.

Alhamis, 29 ga Mayu

Motar nan kamar a ƙasa nake zaune. Tirela ta wuce ni yau, tayarta daidai kunnena, direban ko kallon ƙasa bai yi ba. Haka nake yi wa mutane ashe.

Kullum ina duba madubi ina neman bodin tirela a bayana. Babu komai sai titi.

Talata, 3 ga Yuni

Na yi abin kunya.

Akwai wata kwana kafin gidan burodi, inda nake kai kiret arba'in. Mai tirela in zai sha kwanar dama, dole ya fara buɗewa hagu don bayan motar ya samu wurin bi. Hannuna ya yi hakan shi kaɗai, ban ma sani ba. Na buɗe hagu sosai, da 'yar motar da ko a cikin falo za ta juya. Wani mai babur ya ga fili ya ɗauka hagu zan yi, ya kutso ta damana. Ina dawowa na gan shi a hancin mota. Na taka birki irin na mai tan talatin.

Shi ko ƙwarzane bai yi ba, alhamdulillahi, ya zage ni ya wuce. Amma ƙarar da na ji a baya ba zan manta da ita ba. Da na buɗe ƙofar, ruwan ƙwai ya zubo har cikin takalmina. Mai gidan burodi ya leƙo ya ce in na kawo gari da sukari sai a gasa a nan. Ban yi dariya ba.

Laraba, 4 ga Yuni

Hajiya ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, “Malam direba, tirelar nan da kake ja a cikin kanka, ka kwance ta ka ajiye. In ta sake fasa min ƙwai, ku tafi tare.”

Na wuni ina wanke mota. Ƙarnin bai fita ba.

A gida na ce wa Maman yara aikin nan ba nawa ba ne, gara in koma babbar hanya inda aka san darajata. Tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba.

Talata, 10 ga Yuni

Na ga lamba goma sha huɗu a shataletale. An kankare sunan kamfani, amma na gane ta da lotsawar ƙofa. Wani ne a ciki yana sa mata giya kamar mai sara itace. Na faka a gefen titi na zauna minti goma. Ƙwai suka jira ni.

Asabar, 14 ga Yuni

Dogo ya kira. Ya samu wani ɗan kwangila mai neman direbobin tirela biyu, jigilar duwatsu can nesa inda ake gina madatsar ruwa. Wata uku-uku kafin a zo gida. Za a tashi ranar Talata. Tun bai rufe baki ba na ce a sa sunana.

Na ji kamar an mayar min da tsayina.

Lahadi, 15 ga Yuni

Na faɗa wa Maman yara. Ta ɗauko jakar ta zazzage, ta wanke kayan, ta goge, ta jera su yadda take yi shekara da shekaru: riguna a ƙasa, maganin ciwon baya a aljihun gefe. Da ta ja zif ɗin sai ta ce, “Baban Auta, ba zan hana ka ba. Amma sati shidan nan ne kawai na yi aure da mutum. Sauran duk da waya na yi su.”

Na ce jakar ta yi nauyi.

Auta ta tambaya ko zan dawo kafin ranar ba da sakamakonsu. Uwarta ta ce mata kada ta dami Baba, ai ya saba jin sakamako a waya. Ba da gatse ta faɗa ba, shi ya sa ya fi zafi.

Litinin, 16 ga Yuni

Na je gona don in yi wa Hajiya sallama. Na tarar matan sun riga sun loda mota, har sun sa buhun dusa tsakanin kiret da kiret saboda birkina. Babbarsu ta miƙo min ƙarfena, na manta shi ranar Asabar, ta ce sun jira ni ne don motar ba ta tashi sai an buga mata ƙafa. Na ce a raina bari in kai na yau kawai.

Na dawo, ban yi sallamar ba. Gajiya ce.

Talata, 17 ga Yuni

Dogo ya kira sau shida. A na bakwai na ɗauka na ce masa bayana ne ya tashi, likita ya hana ni doguwar tafiya. Ya ce, “Wane likita? Kaza?” Ya kashe.

Bayan nawa yana ciwo dai. Wannan ba ƙarya ba ne.

Alhamis, 26 ga Yuni

Wata ya cika. Hajiya ta ƙara min shaguna biyu a hanya. Wai hakan na nufin na zauna.

Aikin har yanzu ƙaramin aiki ne, kada in ruɗi kaina. Ƙarnin nan ma har a hulata.

Sai da na sauke kiret a gidan burodi na tuna ban san yadda na sha kwanar ba. Na koma na duba sawun taya a ƙasa: a manne da gefen titi, kamar na ɗan tasi. Kuma ban tuna na duba madubi ina neman komai ba. Na daɗe a tsaye a wurin. Ban san ko murna zan yi ba.

Da na shiga gida jakar ba ta bayan ƙofa. Tana saman kwaba, an cika ta da tsofaffin littattafan Auta. Na gani. Zan yi magana a kai, wata rana.

Auta tana wanke-wanke, ta ɗago ta ce, “Baba, ka makara yau.” Ba ta durƙusa ba, ba ta yi min sannu da zuwa ba.

Nisan tafiya: kilomita talatin da ɗaya. Wanda ya fashe: babu.