Kason Unguwa a Lambun Baba

4 ga Maris

Ƙanena Octav,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da matarka Dorina. Gwiwata tana nan yadda ka san ta.

Jiya an liƙa taswirar benayen da kamfaninku zai gina a lambun tuffan Baba. Ka tuna na yarda muka sayar ne don ka ce doka ta tilasta musu barin kashi ɗaya cikin biyar ya zama wurin shan iska na unguwa. Na ɗauka shimfiɗaɗɗen wurin da yara ke ƙwallo za su bari. Ashe gangaren bayan kwata suka shafa wa kore, inda ko akuya sai ta yi shawara kafin ta sauka. Maƙwabciyata Zamfira ta ɗora yatsa a ƙasan takardar ta ce, "Malama, wannan ba sa hannun ɗan gidanku ba ne?"

Amsar tana wurinka. Kai ka ba ni.

Yayarka,
Ruxandra

Cluj, 11 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa da ban girma. Hannuna ne. Sau uku ina zana filin a inda kike so, sau uku mai kamfani yana dawo mini da shi. Ya ce, "Doka ta faɗi nawa, ba ta faɗi ina ba." Shekarata hamsin da takwas, Yaya. Na gaji da gardama, sai na sa hannu.

Amma bai karanta dokar duka ba. A shafi na goma sha tara an ce ba a ƙidaya gangaren da keken jariri ba zai hau ba. Ba daga bakina kika ji ba.

Ki gaida Zamfira da dogon yatsanta.

Naki,
Octav

2 ga Afrilu

Octav,

Ina gaishe ka. Mu bakwai muka je zaman majalisar gari, duk masu furfura. Awa uku muna zaune suna maganar fitilun titi. Da na miƙe na karanta shafin, shugaban ya ce, "Inna, wa ya nuna miki wannan?" Na ce, "Ni na koya maka karatu a aji biyu, ɗana, har ka manta?" Aka yi dariya, aka mayar wa kamfani taswirarsa.

Na dawo gida ban ji daɗin da na zata ba. Yau kuma, bayan mako biyu, sai ga Dorina a waya, wai kwana tara kenan ba ka fita aiki ba, kana zaune a kicin da rigar barci. Ni na jawo maka? Kada ka ɓoye mini.

Allah ya tsare ka.
Ruxandra

Cluj, 9 ga Afrilu

Yaya,

Na gode da gaisuwa. Ba korata aka yi ba. Mai kamfani ya ce in nemo masa wani lungun a dokar, na ajiye masa makullin ofis na fito.

Wanda ya gaje ni ya nemo. Kason unguwa yanzu siririn tsirin ƙasa ne a bakin babban titi, tsakanin wuraren ajiye motoci biyu. Shimfiɗaɗɗe ne, awonsa ya cika. Na duba dokar sau biyu, babu shafin da zan ba ki.

Ina zuwa ran Asabar a jirgin ƙasa na rana. Kada ki tara mini mutane. A wata mai zuwa za a fara sare itatuwan, ina so mu zaga su tare, a hankali, yadda ƙafarki za ta iya.

Ƙaninki,
Octav