Tarin da Dogo Ya Ji

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya maigidan da yara? Ina gaida kowa.

Ni lafiya lau, aiki ma akwai. Daɓen katakon wani tsohon gida muke gogewa da inji, mu shafa man sheƙi, tagogi a rufe.

Sai dai Dogo, wanda ya koya mini sana'ar, yana asibiti tun Litinin, huhunsa ne. Da na je dubiya, ya riƙe hannuna ya ce, "Irin tarin nan na ji kana yi."

Dariya na yi masa, amma jiya na ga jini a hankicina. Jibi zan je gwaji.

Kada ki gaya wa Inna tukuna. Ki dai ce ta ƙara mini addu'a. In ta tambayi dalili, ki ce kewarta ce.

Ƙaninki.