Haruffa Biyun da Na Rubuta wa Kailani

Alhamis, 3 ga Yuli, 2025

Na biya. Dubu goma sha takwas na wata uku, kusan rabin abin da Alhaji Nagoda yake ba ni duk wata a kemis ɗinsa na unguwar Kongo. Ƙanwata Bahijja ce ta saka min manhajar neman aure a waya tun bayan Babbar Sallah, ta ce wata maƙwabciyarta a Hanwa a nan ta samu miji. In ba ka biya ba, sai dai a ce maka wani ya duba shafinka, fuskarsa a dushe, ba damar magana.

Shekarata talatin da uku. Ƙannena mata uku duk suna ɗakunansu. A shafin na rubuta gaskiya: Ummuhani, Tudun Wada, ina da sikila, SS. Inna ba ta san na shiga manhajar ba, kuma ba zan gaya mata ba.

Laraba, 9 ga Yuli

Ashe abin da kuɗin ya saya min shi ne in riƙa ganin fuskar waɗanda suka duba ni suka wuce. Yanzu ina ganinsu tar. Malamai, 'yan kasuwa, har da wani da nake sayar wa maganin hawan jini. Ko sallama babu wanda ya yi. Da ban biya ba, da ina nan ina zaton kunya ce ta hana su.

Asabar, 12 ga Yuli

Bahijja ta zo, ta karɓi wayar ta goge layin sikilar. “Yaya, ki bari su san ki tukuna. Wa yake fara tallar kansa da ciwo?” Na ce ta mayar. Ban dage ba.

Litinin, 14 ga Yuli

Saƙo tara. Hoton nan ne dai, mayafin nan ne dai.

Lahadi, 20 ga Yuli

Yawancinsu shirme. Ɗaya ya nemi hoto ba mayafi, wani ya ce yana Dubai amma katin waya yake so in tura masa. Sai Malam Kailani. Shekararsa arba'in da ɗaya, yana gyaran firij da injin wanki a Dutsen Abba, sun rabu da matarsa shekara uku ke nan. Ba ya gaggawa. Ya tambaye ni me nake karantawa idan shago ba mutane. Tunda nake, ba namijin da ya taɓa yi min irin wannan tambayar.

Asabar, 26 ga Yuli

Yau da azahar, ina cikin shago, ya rubuto: “Ki yi haƙuri da tambayar da zan yi, ina da dalili. Kin taɓa gwajin jini? Ni AS ne.”

Na ajiye wayar, na sallami mai sayen maganin tari, na share kanta, na sake ɗauka. Ni da nake aiki a kemis na fi kowa sanin abin da AS da SS suke haifarwa. Na rubuta masa AA.

Ya ce alhamdulillahi, har sau biyu.

Lahadi, 27 ga Yuli

Na kasa cin abinci. Zan gaya masa. Idan ya zo, ido da ido, ya fi mutunci.

Lahadi, 3 ga Agusta

Ya zo bayan la'asar. Gajere ne, ya fi hotonsa furfura, hannunsa duk tabon aiki. Ya shiga ya durƙusa ya gai da Inna. Na ce mata a shago muka haɗu. Da ya ji firij ɗinmu yana ƙara sai ya nemi izini ya duba bayansa, ya ce zai kawo wani ƙarfe ya canza.

A zaure ya ɗan jima yana kallon fuskata, sannan ya kawar da kai ya shiga labarin aikinsa. Na yi dariya har haƙarƙarina ya amsa.

Ban faɗa ba.

Da ya tafi Inna ta ce, “Ya san da lalurarki ko?” Na ce e. Ƙarya ta biyu da na yi mata yau. Ta ɗaga hannu tana godiya ga Allah, ni kuwa na shige ɗaki.

Alhamis, 14 ga Agusta

Zuwansa uku. Ya gyara firij. Ya ce kawunsa zai zo bayan Mauludi, kuma limaminsu ba ya ɗaura aure sai an nuna takardar asibiti, don haka mu je tare a yi gwajin. Na ce to. Me nake jira ne? Jinina ya canza kafin ranar?

Lahadi, 17 ga Agusta

Jiya ruwa ya dake ni daga Kongo har gida, ban samu keke ba. Yau ƙafafuna da bayana sun fara. Na san wannan ciwon tun kafin in san sunana.

Asabar, 23 ga Agusta

Kwanana biyar a asibiti, jiya aka sallame ni.

Malam Kailani ya yi ta kiran wayata, Inna ta ɗauka. Ta ce masa, “Ciwon nata ne ya tashi, sikilar.” A tunaninta ai ya sani.

Ranar Laraba da hantsi ya zo da lemo da ayaba a leda. Ya gai da Inna kamar kullum, ya jira ta fita alwala, sannan ya zauna a kujerar gefen gado. Ledar ƙarin ruwa yake kallo, ba ni ba. Ya ce yana da ɗa, Sadiq. Shekara shida ya yi a duniya, rabinta a kan irin wannan gadon. Shi da uwar yaron duk AS ne, ba su yi gwaji ba. Bayan sun binne shi suka kasa kallon juna, suka rabu.

Na ce, “Malam, ka yafe min.”

Ya ce, “Tun ranar da na zo zaurenku na ga launin idonki. Irin na Sadiq ne. Na ce wa kaina hasken yamma ne. Ni ma ban so in sani ba, Ummuhani.”

Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Ya gyara min filo ya ɗaga min ƙafa yadda ko nas ba ta iya ba, ya ce haka yaron yake samun sassauci. Ya ce ba zai iya sake ɗaukar wani zuwa maƙabarta ba, kuma ba zai ce in zauna ba haihuwa don shi ba. Ya yi min addu'a ya fita.

Inna ta dawo ta ga fuskata. Na gaya mata komai. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, “Da bakina na gaya masa,” sai ta zauna tana ɓare lemon da ba wanda zai sha.

Lahadi, 31 ga Agusta

Wani alherin masu biya: ana nuna maka lokacin da mutum yake kan manhajar. Yau sau huɗu na ga koren ɗigo a gefen sunansa. Yana nema. Haƙƙinsa ne. Na nemi a rufe min shafin a dawo min da kuɗin sauran watan, suka ce ba a mayarwa.

Bahijja ta kira tana kuka, wai laifinta ne. Ba ita ta rubuta haruffan ba.

Juma'a, 5 ga Satumba

Na koma shago. Wando ya yi min yawa.

Lahadi, 14 ga Satumba

Gwaggo ta turo wani, Malam Suhaibu, malamin firamare, matarsa ta rasu ta bar yara biyu. Ban yi niyyar fita ba, Inna ta ce kada in kunyata Gwaggo. Na fita ba kwalli, ba hoda.

Muna gama gaisawa na ce, “Malam, kafin ka gyara zama, ina da sikila, SS. Watan jiya na kwanta asibiti, kuma zan sake kwanciya.” Muryata ko rawa ba ta yi ba. Na yi mamaki.

Ya sha ruwan da na kawo, ya ce zai yi shawara. Minti goma bai cika ba ya tafi. Ba na jin zai dawo.

Inna tana tsakar gida ta ji duk abin da aka yi. Ta dube ni kamar za ta yi magana, sai ta tura min kwanon tuwo. Na zauna kusa da ita na cinye malmala biyu, har na ce a ƙara min miya. Yunwa ce kawai, ina jin.