Ni na cire katalis ɗin, surukina ya ɗauki sunan ɓarawo

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da duk masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana. Wanda zai zage ni ya ɗan dakata ya karanta har ƙarshe, domin duk zagin da zai yi na riga na yi wa kaina.

Ni mai waldar salansar mota ne a Potiskum. Wanda ya koya mini aikin, zan kira shi Baba, ya ɗauke ni tun ban san yadda ake kunna gas ba. Shekara goma ina ƙarƙashinsa, ya yaye ni, ya nema mini rumfa, ƙarshe ya ba ni 'yarsa. Shi ke jan salla a masallacin layin makanikai. Mutum ne da ko noti ya tsinta a ƙarƙashin motarka sai ya kira ka ya ba ka.

Akwai wani Alhaji, dillalin shanu, da ba ya yarda kowa ya taɓa motarsa sai Baba. Ran nan ya aiko da ita saboda salansa na ƙara, Baba kuma ya tafi jana'iza Mamudo. Ya bugo mini waya ya ce, "Je garejina ka duba ta, hannunka hannuna ne." Na yanka salansar, na tarar da katalis ɗin lafiya ƙalau, abin nan mai kama da saƙar zuma da ke tace hayaƙi. Wanki kawai yake buƙata. Kun san akwai masu yawo gareji-gareji suna saye da tsada. Zan so in ce muku yunwa ce ko ciwo a gida, to wallahi babu ko ɗaya, sabon babur nake kwaɗayi. Na sa ƙarfe na farfasa shi na juye a leda, na mayar da tukunyar salansar fanko na ɗinke ta da walda tsaf. Abin da ke ledar na sayar, na sayi babur. Na ce wa zai leƙa ƙarƙashin mota?

Bayan wata biyu mota ta fara shan mai kamar hauka, ga wari. Aka duba wa Alhaji a Bauchi aka ce masa tukunyar wayam take. Ya dawo ya kai ƙara wurin shugaban makanikai. Aka ɗora motar a kan ramin duba ƙarƙashin mota, gaban jama'a, ina tsaye a cikinsu. Abin da na manta shi ne walda tana da hannu kamar rubutu. Baba yana jera ɗinkinsa kamar ɓawon kifi, idan ya kai ƙarshe sai ya dawo baya kaɗan ya ɗiga. Haka ya koya mini, haka nake yi ko ina barci. Duk wanda ya sauka ramin sai ya fito yana sunkuyar da kai. Shugaba ya ce, "Baba, wannan ai hannunka ne."

Baba ya sauka da kansa. Ya daɗe yana shafa ɗinkin da babban yatsa. Da ya fito bai ko dubi inda nake ba, ya ce, "Aikin garejina ne, Alhaji. Zan biya." Ku lura, bai ce shi ya yi ba, ko a nan bai yi ƙarya ba. Ni kuwa? Wane irin mutum ne zai tsaya yana kallo ana tozarta wanda ya raine shi? Ni ne.

Ya sayar da kayan aikinsa ya saya wa Alhaji wani katalis. Amma suna ba ya sayuwa. Masu kawo motoci suka watse, samari suka laƙaba masa Baba Katalis, limancin ma ya ajiye kafin a ce ya ajiye. Yanzu yana Gadaka yana noma da tsufansa. Kuma kun san abin da ya fi ci mini rai? Kwastomominsa wurina suka dawo, wai ni ne mai amana.

Watan jiya na hau babur ɗin nan mai baƙin jini na je Gadaka da niyyar in faɗa masa. Na same shi a bakin gona, na durƙusa, na ce, "Baba, akwai maganar da nake so ku ji." Ya ce, "Ɗinkin da ka yi wa motar Alhaji ya yi kyau, sai dai wajen ƙarshe ka yi sauri." Na fashe da kuka kamar yaro. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Ni na ci zamanina, kai kana da 'ya'ya huɗu, jikokina ne. Na sayi shirun nan da tsada, kada ka sa in yi asara sau biyu. Kuma ban yarda 'yata ta ji ba."

Da farko matata kullum bayan salla sai ta ja wa wanda ya cuci ubanta Allah ya isa, ni kuma ina amsawa da amin. Ina ganin babu azabar da ta kai wannan, ashe da sauran. Shekaranjiya tana tsince shinkafa ta ce a hankali, "Baban Ummi, anya Baba bai yi abin nan ba kuwa? Mai gaskiya ai ba ya shiru haka." Tun sallar layya ba ta kira shi ba.

In na faɗa, na saɓa wa maganarsa, na kashe aurena, abin da ya sadaukar ya tafi a banza. In na yi shiru, dattijon nan zai koma ga Allah 'yar cikinsa tana masa kallon ɓarawo. Na yi istigfari har na gaji, ban ga ƙofa ba ko ɗaya. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?