Guntuwar Sandar Giya

Laraba da dare, Gusau

Ɗana Lawali ya cire sandar giyar da motata ta zo da ita, ya sa guntuwa, wai irin ta motocin tsere. "Baba, ta fi saurin shiga."

Ina dawowa daga Tsafe, sai ga babura uku daga daji. Na ce shi ke nan, 'yan bindiga! Na kai hannu inda na saba, na damƙo iska. Garin lalube na jefa giya ta huɗu, mota ta mutu. Sai kalmar shahada.

Ashe jana'iza za su. Har mota suka tura mini.

Na ce Lawali ya maido tsohuwar, sai ya sosa ƙeya, wai 'yan gwangwan sun ɗauke. Jibi hanyar zan sake bi, kuma ba kullum babura ke zuwa jana'iza ba.