Buhunan Kawu Barau

Litinin, 7 ga Afrilu

Yau na fara gwajin aiki a rumfunan albasar Alhaji Maccido a Aliero. Shirin matasan da na yi a Jega ne ya turo ni. Idan na yi kyau zuwa faɗuwar damina zai riƙe ni, idan ban yi ba in koma Jandutsi in ci gaba da zaman gindin bishiya. Aikina tantancewa: manomi ya kawo buhu, in zazzage shi ƙasa, in matsa wuyan albasa. Mai ɗanyen wuya ba ta shiga rumfa, don ita ke ruɓar da sauran.

Malama Raihanatu, wadda ta koyar da mu, ta ce ni ne na farko da Alhaji ya yarda ya karɓa daga shirin. Da ma ba ta faɗa mini ba.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na riga kowa zuwa. Babu wanda ya lura, amma na ji daɗi.

Asabar, 12 ga Afrilu

Kawu Barau ya zo daga Sabiyal da kaya. Ƙanin Inna ne, shi ya goya ni a babur ya kai ni rajistar shirin. Yana hango ni ya ɗaga murya: "Ku gan shi nan, ɗana na! Ɗan Ramatu na ka duba kaya yanzu."

Na durƙusa na gaishe shi. Sai kuma buhunan. A aji mun sha gwada wannan, Malama ta zama manomi, ni in ce mata kayanta ba su yi ba, yara na dariya. Ashe ƙin kayan Malama ba wuya. Yaya zan zazzage buhun kawuna a gaban mutane? A wurinmu ai ka ce masa macuci ke nan. Na kwance bakin buhu, na taɓa na sama, bushe ƙarau. Na ce a shiga da su. Sun tafi rumfar gabas.

Da masu dako suka ɗaga, na ga gindin buhu ɗaya da danshi. Na kau da kai.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Zafi kamar a tanda. Na wuce ta rumfar gabas, na ji wani abu. Wataƙila hancina ne.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Ba hancina ba ne. Ƙudaje sun fara taruwa a kusurwa, ƙanana baƙaƙen nan. Na zura hannu ta ƙasa, yatsana ya nutse cikin wata albasa kamar cikin tuwon jiya. Na goge a wando, kuma har yanzu wandon na wari.

Na san abin da Kawu ya yi. Ya ba gona ruwa dab da cira don albasa ta yi nauyi, bai bar ta ta sha iska ba. Ina jin haushinsa, na fi jin haushin kaina.

Talata, 22 ga Afrilu

Alhaji ya tsaya daidai rumfar yana waya, yana cewa ta gabas ita ce zai riƙe har farashi ya tashi. Iska na kaɗawa ta wancan gefen, shi ya cece ni.

Malama ta kira tana tambayar aiki. Na ce lafiya lau. Sai ta ce, "Muntari, mi na ce muku game da mugun labari?" Na ce a kai shi da wuri, tun yana ƙarami. Ta ce to. Matar nan kamar tana gani ta waya.

Jumma'a, 25 ga Afrilu

Na faɗa wa Alhaji bayan an sauko masallaci. Na yi yadda aka koya mana: abin da ya faru, laifin wa, abin da za a iya yi yanzu. Ban ce Kawu ya cuce ni ba, na ce ban zazzage ba.

Bai yi faɗa ba, kuma faɗan ya fi mini sauƙi. Ya sa aka yaye rumfar. Tsakiyarta ta zama baƙin ruwa, masu dako na toshe hanci da rawani suna kallona. Mun ceci gefe-gefe, sauran aka kwashe a baro.

Da zan tafi ya ce, "Ka taho gobe." Ko don aiki, ko don sallama, bai ce ba.

Litinin, 28 ga Afrilu

Ina ci gaba da zuwa aiki. Alhaji ba ya yi mini magana. Labari ya riga ni isa gida, Inna ta ajiye mini abinci ba ta zauna ba.

Asabar, 3 ga Mayu

Hadari ya haɗu ta gabas tun safe, bai zubo ba. Kawu ya dawo da sauran kayansa, kamar bai ji komai ba. Alhaji ya jawo kujera ya zauna kusa, abin da bai taɓa yi ba.

Na durƙusa na gaida Kawu yadda na saba. Na tashi na yanke igiya, na kama gindin buhu na juye. Na sama suka gangara, na ƙasa suka biyo da ɗanyen wuya. Na ce, "Kawu, waɗanga ba su shiga. A shanya su, in sun bushe a maido."

Ya ce, "Ni, Muntari?" Na ce, "Kowa, Kawu."

Shi ya kwashe abinsa da hannunsa, ya hana ni taya shi. Ya tada babur bai ce in gaida Inna ba.

Alhaji ya ce daga Litinin rumfar yamma ma tawa ce. Na yi godiya. Ban san da wane ido zan shiga Sabiyal da Babbar Sallah ba. Abin da ya fi damuna, kuma a nan kawai zan faɗa: da na juye buhun, ko ɗar ban ji ba.