Na Kashe Wayata Saboda Hadiza

Asabar da dare, Tungan Maje

Yau 'yata Hadiza ta cire tsofaffin kwamfutocin da ke tantance ma'aikatan kamfaninsu, ta sa sababbi. Ta ce in ta yi kuskure, ranar Litinin babu mai iya buɗe kwamfutarsa, kuma ita oga zai nema. Tun safe na kashe wayata don kada in rage mata netwok.

Bayan isha'i maƙwabciya ta kawo min tata wayar, Hadiza ce.

"Mama, lafiya? Wuni na yi ina kiranki!"

Da na faɗa mata dalili, ta yi ta dariya. "Haba Mamana, ina ruwan wayarki da aikinmu? An gama lafiya lau."

Alhamdulillahi. Amma ranar Litinin ma kashewa zan yi.